'Yar Atishawar Baba Kuku

Baba Kuku mutum ne da ba ya iya ganin albasa a hannun wani ya yi shiru. Ko gaisuwa ya je gidan mutane, in ya hango ana yanka ta da kauri, sai ya naɗe hannun riga ya ce a miƙo masa wuƙa. Shekara ashirin da shida ya yi yana dafa wa mutum talatin abinci a wani jirgin ruwa na dakon kaya, a cikin kicin ɗin da bai fi faɗin banɗaki ba, inda ake tare tukunya da ƙarfe don kada igiyar ruwa ta kifar da ita. Ya bar aikin da gwiwa ɗaya mai ciwo, da tabon mai a damtse, da wata tafiya ta buɗe ƙafa kamar har yanzu ƙasa na lilo da shi. Yaran layinsu suna kwaikwayon tafiyar a bayansa. Ya sani sarai, wani lokaci ma yakan ƙara buɗe ƙafar don su samu abin dariya.

Matarsa tela ce, kowa a layin Umma yake ce mata, har shi. Ba ta barinsa ya taɓa mata murhu sai ran da ciwon kai ya kwantar da ita, domin hannunsa bai san awon mutum biyu ba. In ya ɗora shinkafa sai an ci kwana uku, an ba maƙwabta, an kuma ba kaji. Saboda haka aikin da ya rage masa a gida shi ne ba da labari, kuma a nan ma, in ji Umma, hannun kuku ne, bai san gishiri kaɗan ba.

Labaransa da yawa an yarda da su, ko da ba har zuci ba. An yarda ya ga igiyar jirgi ta daskare ta zama kamar sanda. An yarda ya je garin da rana take ƙin faɗuwa har sai mutum ya gaji da ita. Guda ɗaya ne gidan ya ƙi haɗiyewa, shi ne labarin 'yar atishawa, kuma shi ne ya fi so.

Ga yadda yake ba da shi. Wata safiya jirginsu ya saki anga, ƙarfen da ke tsayar da shi, a bakin wata tashar ƙasar sanyi, suna jiran a ba su wurin sauke kaya. Hazo ya rufe ko'ina, ruwa ya kwanta luf. Ya fito daga kicin ya sha iska, sai ya ji an yi atishawa. Ya dakata yana jiran hamdala don ya yi wa mai ita addu'a, shiru. Aka sake, shiru. Su uku ne kaɗai masu jin Hausa a jirgin: shi, da Dogo mai kula da igiyoyi, da wani bakanike da suke tsokana da Injiniya. Dogo ne ke kusa, don haka Kuku ya je ya same shi ya yi masa tatas, ya ce ƙato da shi ya yi atishawa har biyu bai gode wa Allah ba. Dogo na cikin rantsuwa cewa hancinsa lafiya lau, aka yi ta uku, a ƙarƙashinsu. Suka leƙa. Wani baƙin baya ne mai sheƙi ya mirgino a saman ruwa, da ɗan fiffike mai kusurwa uku, ya fesa numfashi ya nutse. Ba ta fi tsawon mutum ba. Tun daga ranar su ukun suke ce mata 'yar atishawa, in suna da yawa 'yan atishawa.

Ya ce ba kifi ba ce, iska take shaƙa kamar mu, kuma tana shayar da ɗanta. Ya ce kunya gare ta, ba ta bin jirgi, ba ta tsalle, sai in an kashe inji an yi tsit take matsowa. A nan ne yaransa huɗu suke fara taɓa juna. Da ya ce “wata safiya a ƙasar sanyi” sai babban ya yi atishawar ƙarya, saura su amsa masa, Umma kuwa ta sunkuyar da kai kan keken ɗinki kafaɗunta na rawa. Abin ya zama wasan gida. Ko yaro ya ce ya gama aikin makaranta alhali bai yi ba, atishawa ake masa. Da waya ta zo, suka nuna masa bidiyon dolfin yana tsalle. Ya kalla ya tsuke baki, ya ce wannan mai dogon baki ɗan neman suna ne, ba ita ba ce. Sunan da manyan jirgi suke kiranta da shi kuma bai taɓa zama a bakinsa ba, balle a nema. Aka ce to, abin da ko waya ba ta sani ba, sai Baba.

Yana dariya tare da su, amma wallahi abin yana cinsa. Abokan aikinsa wasu sun dawo da mota, wasu sun gina gidan haya. Shi abin da ya dawo da shi daga teku wanda zai ce nasa ne na kansa, suna ɗaya ne da ya raɗa wa halittar Allah, shi ma an mai da shi abin tsokana.

Yara suka girma suka watse, ya rage Auta, wadda ta zama malamar firamare. A bara aka sa ta a wani kwamiti na mutum biyar da ke mai da littafin dabbobi zuwa Hausa saboda 'yan aji huɗu. Wata Litinin da la'asar ta baje takardunta a teburin falo tana tsaki. Baba Kuku ya zo wucewa da kofin shayi, idonsa ya faɗa kan shafin da ke buɗe. Ya ajiye kofin a kan takardar mutane, ya ɗora yatsa a kan hoton da ke shafin. Gajeren baki, baƙin baya, farin ciki, ɗan fiffike mai kusurwa uku.

Sai ya ƙwala wa Umma kira. Ta zo da tef a wuya, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo. Ta ce to, akwai ta, ta ji, amma ita dai ba ta ji hoton ya yi atishawa ba. Ta koma kan kekenta. Auta kuwa kunya ta kama ta, don a cikin masu atishawar ƙarya babu wanda ya kai ta iyawa.

Ashe wannan shafin ne ya tsaya wa kwamiti a wuya. Ba su da sunan da za su sa a ƙarƙashin hoton. Wani ya ce a rubuta ƙaramin dolfin, aka ce ba dolfin ba ne, ga nasa shafin can daban. Wata ta ce a ɗauko sunan Turancin a rubuta shi yadda bakinmu zai iya, aka gwada, kowa ya faɗa daban. Daga ƙarshe wani mai yawan karatu ya binciko cewa asalin sunan a can yana nufin alade ne da kifi, don haka suka tsaya a kan aladen teku. Ran Alhamis za a kai littafin maɗaba'a.

Baba Kuku ya ji kamar an zagi 'yarsa. Ya ce halittar da ta fi kowa tsafta, wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba, ita za a koya wa yara su riƙa toshe hanci in sun ji sunanta? Ya ce tana da suna, shekara talatin da wani abu ke nan tana da suna. Auta ta ce ba ita ke yankewa ba, akwai Jan Biro.

Jan Biro tsohon hedimasta ne, shi ne shugaban kwamitin. Siririn mutum, tabarau a rataye da zare, ba ya dariya sai da dalili. Ofishinsa wani ɗaki ne a bayan laburare, fanka na kuka a sama, kwalayen takalmi jere a kan kanta cike da katuna, kowace kalma da katinta. Yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa ko ga uban wa. Sabuwar kalma ba ta shiga littafi sai ya ji ta da kunnensa a bakin gida uku daban. A ƙasan kowane kati ya ja layi uku. Yakan rufe rubutun da hannu, ya nuna wa mutum hoto, ya ce mene ne wannan, abin da ya fito daga bakin mutum shi zai rubuta. Ya ce ya taɓa barin wata kalma da wani masani ya ƙera a ofis ta shiga littafi, shekara ashirin bai ji yaro ko ɗaya ya furta ta ba. Aladen teku ma ba ya son ta, amma ita fassara ce, ba ta buƙatar shaida.

Ran Talata da safe Baba Kuku ya sa rigarsa mai guga ya bi Auta. Jan Biro ya saurari labarin atishawa daga farko har ƙarshe bai katse shi ba, abin da ba a taɓa yi masa ba a gida. Da ya gama, tsohon ya zaro sabon kati, ya rubuta kalmar a sama, ya cike layin farko. Ya ce sunan ya yi masa, yaro zai riƙe shi, kuma ya faɗi wani abu na gaskiya game da dabbar. Saura gida biyu.

Sai a nan Baba Kuku ya zauna ya ƙirga mutanensa, ya ga ba su da yawa. Dogo ya rasu shekara tara da suka wuce. Injiniya yana raye a can ƙarshen gari, amma an ce ɓarin jikinsa ya shanye. Auta ta ce ita da yayyenta fa? Jan Biro ya girgiza kai, ya ce ko sun yi aure sun bar gida, tukunya ɗaya suka ci.

Ran Laraba su uku suka shiga tasi, shi da Auta da Jan Biro rungume da littafin. Suka fara da gidan Dogo. Matarsa ta tarbe su da murna har da ƙwalla, ta shimfiɗa musu darduma, ta kawo ruwa. Baba Kuku ya yi ta ƙifta mata ido, kamar hakan zai sa mata kalma a baki. Jan Biro ya rufe rubutu ya nuna hoto. Baiwar Allah ta duba ta duba, ta ce kifi ne, ko? Ta ce ai marigayi ba ya maganar teku a gida ko kaɗan, in ya dawo sai barci da gyaran rufi. Mutumin da suka yi shekara goma sha biyar suna leƙen ruwa tare da Baba Kuku, ashe bai shigo da ko kalma ɗaya cikin gidansa ba.

Injiniya suka same shi a kujerar roba a ƙofar garejin ɗansa, hannu ɗaya a kwance kan cinya, baki ya karkace. Da ya ga tafiyar mai zuwa tun daga nesa ya gane shi, ya fara buga kujera da hannun da ke aiki. Ɗan ya ce kada su wahalar da kansu, tun da abin ya same shi kalmominsa ba su fi goma ba. Jan Biro dai ya durƙusa ya buɗe littafi. Injiniya ya kafa wa hoton ido. Sai ya cika kumatu da iska ya fesar, fush, ya kalli Kuku yana dariyar da rabin fuska kaɗai ke yi. Ya yi ta kokawa da harshensa, gumi ya keto masa, har masu bugun ƙarfe suka dakata. Can ya fitar da ita, a gutsure, amma duk wanda ke wurin ya ji. Jan Biro ya ɗora katin a gwiwa ya cike layi na biyu. Baba Kuku ya juya baya yana goge ido, ya ce hayaƙin garejin nan ya yi yawa.

A hanyar dawowa ya roƙi Jan Biro. Ya ce ranka ya daɗe, biyu ai kusan uku ne. Tsohon ya ce ya sani, kuma ransa bai so ba, amma in ya buɗe ƙofar nan yau, gobe kowa zai zo masa da kalmar da ya yi mafarkinta. Ya ce yana ofis har ƙarfe goma na safiyar Alhamis.

Da yamma Baba Kuku bai ci abinci ba. Ya zauna a tsakar gida yana murza gwiwa. Umma ta tambayi Auta a kicin, Auta ta zayyana mata komai, har da dokar layi uku. Umma ta ci gaba da wanke kwanoninta.

Washegari ƙarfe takwas Baba Kuku ya ga ta fito da mayafin unguwa da jaka a hannu. Ya tambaye ta ina zuwa, ta ce ya tashi ya sa takalmi, kuma kada ya sa mata baki in sun je. Shekara arba'in da aure sun koya masa irin muryar da ba a yi wa gardama, ya tashi.

Suka tarar Auta ta riga su isa ofis. Jan Biro ya miƙe ya ba Umma kujera. Da ya ji abin da ya kawo ta, ya yi murmushin ban haƙuri, ya ce Hajiya ai gidanku ɗaya da shi, an riga an rubuta.

“Malam, wa ya ce maka gidanmu ɗaya?” in ji Umma. “Shekara ashirin da shida, wata biyu yake yi mana a shekara, wani lokaci ma bai kai ba. Gidansa jirgi ne. Kamata ya yi a layin farko ka rubuta jirgi. Gidan da na riƙe da yara huɗu daban yake, kuma a cikinsa ana faɗin kalmar nan ran da ba ya nan.”

Jan Biro ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce tsokana da aka ba shi labari ba ta zama shaida ba, shi yana son ya ji yadda aka yi amfani da kalmar da gaske, a cikin magana.

Umma ta gyara zaman jakarta a cinya. Ta ce in jirgi ya tafi, yara sukan yi sati suna kuka, musamman wannan, ta nuna Auta da haɓa. Ba ta san sunan ƙasashen da yake zuwa ba, ba ta da hoto, ba ta da abin da za ta nuna musu. Abu ɗaya ta sani na can. “Sai in ce musu, babanku yana can yana gadin 'yan atishawa, kunya gare su, ba sa fitowa sai yana wurin. In sun yi barci zai dawo. Da wannan na yaye su huɗu.”

Auta ta rufe baki da hannu, ta ce wallahi ta tuna. Baba Kuku kuwa yana tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa shi. Bai taɓa jin wannan magana ba.

Jan Biro ya daɗe yana kallon katin. Sannan ya buɗe littafi, ya rufe rubutu da hannu, don ko a ranar bai yarda a tsallake ƙa'ida ba. Umma ta dubi hoton ta faɗi sunan a sarari, ba dariya. Ya soke abin da ya rubuta a layin farko ya sa jirgi, ya cike na uku, ya kwafe jimlarta a bayan katin. Ya miƙa wa Auta ya ce ta yi sauri ta gyara shafin kafin motar maɗaba'a ta zo.

Su biyu suka fito. Umma ta ce ba za ta shiga tasi ba, tana da zaren da za ta saya a hanya. Suka bi gefen titi a hankali saboda gwiwarsa. Ya kamata a ce yana murna, kuma yana yi, sai dai wani abu ya danne murnar. Sun wuce kantin magani, sun wuce mai faci, sannan ya iya buɗe baki. Ya tambaye ta, in dai ta yarda da shi tun can, me ya sa ta yi shekara da shekaru tana masa dariya.

Ba ta kalle shi ba. Ta ce ba ta taɓa cewa ƙarya yake yi ba, haushin abin take ji. “Ka yi wata goma ba ka nan. Ka dawo, ka ajiye jaka, ka tara yara, sai labarin abin da ke atishawa a ruwa. Ko sau ɗaya ba ka zauna ka ce min, ke fa, yaya kuka yi a bayana ba. In ban yi dariya ba, Baban Auta, me kake so in yi a gaban yara?”

Ya tuna kayan da yake kawo musu, atamfa da agogo da takalman da ba sa yi wa kowa daidai, ya ga ba su ne amsar ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun yana saurayi.

A gaban kantin zare akwai benci. Ya ce gwiwarsa ta gaji, su ɗan zauna. Suka zauna, motoci na wucewa. Ya juya hularsa a hannu sau biyu.

“To, yaya kuka yi a bayana?”

Umma ta dube shi ta saman tabarau, ta ga ba wasa yake ba. Ta ce labarin da tsawo, ba na benci ba ne. Ya ce ba shi da jirgin da zai kama. Sannan ta ajiye jakarta a tsakaninsu, ta ce bari ta fara da shekarar da ƙyanda ta kama yara uku a sati ɗaya, rufin ɗaki kuma yana yoyo. Ya gyara zama, ya kama bakinsa, ya saurara.